Kulocin kamfani ko na 'yan tsere? Zare ga masu ƙara wa mota ƙarfi a Zuru

1/ Jama'ar Zuru da kewaye, musamman ku matasa masu Golf da BMW da kuka fara taɓa inji, ku matso. Yau zancen kuloci zan yi. In an ƙara wa mota ƙarfi, a bar mata kuloci irin na kamfani, ko a sa mata mai ƙarfi irin na 'yan tsere? Zaren na da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Ga matsayata tun daga farko, don mai sauri ya wuce. Yawancin motocin da muke cewa "an taɓa su" ba sa buƙatar kulocin tsere. Abin da suke so shi ne kuloci na asali, sabo, daidai da injin, da bakanike mai haƙuri, da direban da zai ɗauke ƙafarsa daga kan feda. Masu buƙatar mai ƙarfi 'yan kaɗan ne, kuma zan faɗi su waye.

3/ Mu fara da abin da ke ciki, don da yawa muna taka shi kullum ba mu taɓa ganinsa ba. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, filawil. Jikinsa akwai filet ɗin kuloci. Sai wani murfi mai sifirin da ke matse filet ɗin a jikin filawil. In ka taka feda, boris ya danna sifirin, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. Shi kenan aikin.

4/ Abu huɗu ne ke yanke iya ƙarfin da kuloci zai riƙe: ƙarfin matsin sifirin, irin abin da aka yi fuskar filet da shi, faɗin filet ɗin, da yawan filet. Duk wani kulocin da aka ce maka "mai ƙarfi ne", ɗaya ko biyu daga cikin huɗun nan aka sauya. Ba wani siddabaru a cikin kwalin.

5/ Abin da mutane ke yawan ruɗewa a kai: kuloci ba ya ƙara wa mota gudu. Ko doki ɗaya ba ya ƙarawa. Ɗan aike ne, abin da inji ya ba shi yake miƙa wa giya. In naka ba ya zamewa, to duk abin da injin ya bayar yana isa taya. Ko na miliyan ka ɗaura, malejinka inda ya saba tsayawa nan zai tsaya.

6/ Kuma ba ƙarfin doki ke sa kuloci zamewa ba, ƙarfin murɗawa ne, wanda ake rubutawa da Nm a takardar mota. Shi ne ƙarfin da ke fizgar mota daga tsaye, shi ke haurar da ita tudu. Don haka kafin ka tambayi kuɗin kuloci, tambayi kanka: Nm nawa injina ke bayarwa da, nawa yake bayarwa yanzu?

7/ Mu ɗauki Golf 3, tunda ita ce jakar tashoshinmu. Volkswagen ya fara fitar da ita a 1991. Ga abin da injinanta ke bayarwa daga kamfani:
1.8 mai doki 90: Nm 145
2.0 mai doki 115: Nm 166
1.9 TDI mai doki 90: Nm 202
1.9 TDI mai doki 110: Nm 235
VR6 2.8 mai doki 174: Nm 235

8/ Duba da kyau. Wanda ya cire 1.8 ya ɗora 2.0, Nm 21 kawai ya ƙara, bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Kulocin da kamfani ya yi wa 2.0 ɗin ya ishe shi. Amma wanda ya tashi daga 1.8 ya koma VR6 ya ƙara Nm 90, sama da kashi 60 kenan. Mutum biyun nan duk "sun sauya inji", amma ba layi ɗaya suke ba.

9/ To yaya kamfanin da kansa ya yi da ya zo kan TDI da VR6? Bai sa musu filet na tsere ba. Faɗaɗa kulocin ya yi zuwa milimita 228, alhali na 2.0 mai bawul 8 milimita 210 ne. Ya kuma sauya giyabos ɗin gaba ɗaya daga 020 zuwa 02A, feda ta koma ta mai a madadin ta waya. Wato mutanen da suka ƙera motar, faɗi suka ƙara, suka ƙara ƙarfin giya.

10/ Darasin da na ɗauka a nan: in ka ɗora babban inji, fara neman kayan da kamfani ya haɗa wa injin. Giyabos ɗinsa, filawil ɗinsa, kulocinsa, kik ɗinsa. Haɗa babban inji da ƙaramin giyabos sannan ka toshe ɓarakar da kuloci mai kama-karya, wannan ɗaure tsohuwar igiya ne a wuyan bijimi.

11/ Yanzu mu faɗa wa kanmu gaskiya kan abin da muke kira ƙarin ƙarfi. An fasa salansa tana ruri. An sa matatar iska mai ja ko shuɗi. An manna sitika a gilas. An sa manyan rim. Oga, motarka ƙara ta ƙara, ba ƙarfi ba. 😅 Manyan tayoyin ma nauyi suka ƙara mata wurin tashi. Ba abin da ya taɓa Nm a nan da zai dami kuloci.

12/ Sai masu setin ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta. A injin fetur marar turbo, abin da ake samu ɗan kaɗan ne, wani lokaci sai an auna ake ganewa. A injin dizal mai turbo kuwa zancen daban ne: seti na iya ƙara kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma ƙarin yana zuwa ne tun inji na juyi a ƙasa. A nan ne kulocin kamfani ke fara kuka da gaske.

13/ Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Bari mota ta yi zafi. Samu miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a. Sa giya ta 4 ko ta 5, allurar inji na wajen 2,000, sai ka taka totur har ƙasa. In allurar ta yi tsalle sama amma gudu bai biyo ta ba, kuloci na zamewa. In suka tashi tare, yana riƙewa. Sau ɗaya ko biyu ya isa, kar ka mayar da shi wasa.

14/ Ko ya zame, kar ka ruga kasuwa tukuna. Motar da ta haura shekara 25, ta yi rayuwa a Turai, ta biyo ta Kwatano, ta zo ta yi wata rayuwar a nan, wa ya san shekarun filet ɗinta? Tsohon kuloci da ya cinye zai zame ko ba a taɓa injin ba. Ƙarin ƙarfin asirinsa kawai ya tona.

15/ Akwai kuma abubuwan da ke sa lafiyayyen kuloci zamewa: oyil sil na bayan inji ko na giyabos yana ɗigar da mai kan filet, waya ta ɗaure ba ta sakin feda gaba ɗaya, ko fuskar filawil ta ƙone ta yi santsi. In mai na zuba, ko kulocin jirgi ka sa zai zame. A fara toshe yoyon.

16/ Yanzu zancen lodi, wanda shi ne ainihin ciwonmu a nan. Golf 3 wagon, abin da aka ƙera ta ta ɗauka, mutane da kaya, wajen rabin tan ne. Mu kuwa ranar kasuwa buhun masara 6 mai kilo 100, ga fasinja, ga but a buɗe an ɗaure da igiya. Kaya kaɗai sun wuce iyaka kafin mutum ɗaya ya shiga.

17/ Lodi ba ya ƙara Nm ɗin inji. Abin da yake yi shi ne tsawaita lokacin da filet ke gogar filawil kafin mota ta tashi. Gogayya kuwa zafi ce. Wannan warin da kake ji in direba na kokawa da tudu da cikakken lodi, fuskar filet ce ke ƙonewa. Zafi ne ya kashe shi, ba rashin matsi ba.

18/ Shi ya sa ban yarda da shawarar "sa mata mai ƙarfi tunda kana lodi" ba. Kuloci mai kama-karya ba ya son a saki feda a hankali, alhali mai lodi a kan tudu dole a hankali zai saka. Ƙarshenta mota ta riƙa mutuwa, ko ta yi fizgar da buhu zai sauko. Maganin lodi shi ne giya ta 1, haƙuri, da rage buhu biyu.

19/ Bari mu buɗe kwalayen. Kulocin kamfani, fuskarsa zagaye ce cikakkiya, an yi ta da zare da ƙaro da 'yan wayoyin tagulla. Tana kamawa sannu-sannu. A tsakiyar filet akwai ƙananan sifirin da ke shanye girgizar inji kafin ta isa giya. An yi shi ne don tashi da tsayawa dubu-dubu ba tare da an wahalar da kowa ba.

20/ Na tsere kuwa, irin mai kunnuwa 4 ko 6, fuskarsa haɗin garin ƙarfe ce da aka gasa, wadda ake kira seramik. Yana jure zafi, yana riƙe ƙarfi sosai, wannan gaskiya ne. Amma kusan abu biyu ya sani: a kama ko a saki. Tsakiyar nan da kake lallaɓa mota da ita a cunkoso, ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Kuma yana cin fuskar filawil kamar gara.

21/ Ka kwatanta shi da inda kake tuƙi. Cikin gari ranar kasuwa, ga 'yan acaba, ga amalanke. Taron Uhola, mota na tafiyar kura. Hanyoyin ƙauye da damina, rami bayan rami, giya 1, giya 2, a koma 1. Ga hawa da gangara, tunda ƙasarmu ta duwatsu ce. Duk wurin lallaɓawa ne. Filin tseren da aka yi kulocin dominsa fa, ina yake a Zuru?

22/ Ga babban dalilina. A cikin duk abin da ke tsakanin inji da taya, filet ɗin kuloci ne mafi araha, kuma shi aka yi don ya ci wahala. Kamar fiyus ne a gidan wuta. In ka fizgi mota da ƙarfi, ya ɗan zame ya shanye dukan. Ka sa wanda ba ya zamewa, dukan bai ɓace ba, gaba ya wuce.

23/ Gaban kuwa su waye? Haƙoran giya, shaf, da robobin da inji ke zaune a kai. Giyabos 020 na Golf ma an san shi da rauni a ƙusoshin ribit da ke riƙe da babban haƙorin difaransha. In suka tsinke, har kaskon giyabos suke fasawa. Garin neman gira a rasa ido kenan: ka tsare filet, ka sayar da giya.

24/ Murfi mai matsi da yawa shi ma da kuɗinsa. Feda ta yi tauri, gwiwar hagu ta gaya maka. Wayar kuloci da boris su riƙa mutuwa da wuri. Kuma duk takun da ka yi, ƙarfin na tura ƙaramshaf ta tsaye, yana cin metal ɗin da ke tare shi. A tsohon inji wannan ba ƙaramin abu ba ne.

25/ Masu TDI na zamanin Golf 4 da irin su, ku ƙara kula. Da yawansu filawil ɗinsu mai hawa biyu ne da sifirin a tsakani, fasahar da kamfanin LuK na Jamus ya fito da ita a 1985 don rage girgiza. Yana da tsada, kuma ba ya son duka. Kuloci mai fizga na iya gajarta masa kwana. Mayar da shi dunƙulalle kuma na kawo kwaramniya a giya.

26/ Sai zancen "Stage 1, Stage 2, Stage 3" da ake bugawa a kwali. Ba wata hukuma da ta kafa ma'aunin nan. Kowane kamfani da nasa lissafin, Stage 2 na wannan na iya zama Stage 3 na wancan. Lambar da ta dame ka ita ce Nm nawa aka ce yana riƙewa. In babu ita a kwali, kuma mai shago bai sani ba, ajiye masa kayansa.

27/ Mu zo kan aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo. Kulocin tsere na gaske ba abin da za ka tsinta a kowane shago ba ne, galibi sai an yi oda. Wanda ka gani da araha an fesa masa jan fenti, fentin kawai ka saya.

28/ Na kamfani kuwa, irin su Sachs, LuK, Valeo, da Exedy ko Aisin ga motocin Japan, ana samunsu a Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. Su ma akwai jabunsu, kwali ya yi kyau ciki ba komai. Kai lambar injinka da tsohon filet ɗinka, a gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya. Tafi da bakaniken da ka yarda da shi.

29/ Ku kuma tuna inda muke zaune. Duk wanda ke bin hanyar Ribah, ko ta Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko, ko ta Rijau zuwa Kontagora, ya san akwai wuraren da ba ka fatan mota ta tsaya maka da yamma. Halin da Danko/Wasagu da Sakaba suka shiga a shekarun nan ba sai na faɗa ba. A irin hanyar nan, kayan da kowane bakanike ya sani sun fi kayan burga.

30/ Wayar kuloci ta tsinke, ko shaf ya karye a daji saboda fizga, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Akwai mata da yara a bayan motar. Ni dai a ma'aunina, motar da za ta kai ni ta dawo da ni sau 300 ta fi wadda za ta ba ni tafi sau ɗaya a gaban majalisa.

31/ To su waye suka cancanci mai ƙarfi? Na ɗaya, mai dizal da turbo da aka yi wa seti na gaske, ya sa sabon kuloci na asali, ba yoyon mai, kuma duk da haka yana zamewa a giya ta sama. Na biyu, wanda ya ɗora turbo a injin da bai zo da shi ba. Waɗannan kam na kamfani ba zai ɗauke su ba, kuɗi kawai za su yi ta ƙonawa.

32/ Na uku, masu wasan mota da BMW, masu dukan feda don baya ya juya. Su duka suke ba kuloci da gangan, dole su nemi mai jurewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, su tanadi kuɗin giya da shaf. Kuma don Allah a nemi fili. Titin da 'yan makaranta ke tsallakawa, ko ayarin ɗaukar amarya, ba wurin gwada gwaninta ba ne.

33/ Ko a cikin ukun nan, in motar ita ce ta zuwa aiki da kai iyali asibiti, shawarata a tsaya a tsakiya: murfi mai ɗan ƙarin matsi, da filet mai cikakkiyar fuska da sifirin a tsakiya. Nemi wanda Nm ɗinsa ya ɗara na injinka da kamar kashi 20. Mai kunnuwa a bar wa motar da ba ta da aiki sai wasa.

34/ Ranar ɗaurawa, kar a yi rowa. Sauke giyabos ne aikin, to a sauya saitin gaba ɗaya: filet, murfi, boris. A duba oyil sil. A duba fuskar filawil, in ta yi tabon ƙuna ko tsagewa a gyara ko a sauya. Sabon filet a kan tsohon murfin da sifirinsa ya gaji, biyan kuɗin aiki sau biyu ne.

35/ Bayan an ɗaura, a lallaɓa shi kilomita 500 zuwa 800 na farko. Ba fizga, ba cikakken lodi, ba "bari in gwada in gani". Fuskar filet na buƙatar ta zauna daidai da filawil. Wanda ya ƙona sabon kuloci a makon farko, zai yi ta santsi har ƙarshen rayuwarsa, sannan a ce kayan jabu ne.

36/ Sai halayen da ke cinye kowane kuloci, na kamfani ko na tsere: ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe mota a tudu da rabin kuloci a madadin birkin hannu, tashi da giya ta 2 don ƙiwa, da tsayawa a shingen bincike da giya a ciki ƙafa a ƙasa. Sa ta a firi, ka huta, boris ma ya huta.

37/ Na san wasu za su ce, "Mallam, kuɗina ne, motata ce." Haka ne, ba na jayayya. Wani kuma zai ce nasa mai kunnuwa shekara biyu lafiya lau. Madalla. Amma a tambaye shi shaf nawa ya sauya, kuma ko yana yarda ya ba ƙaninsa motar ya shiga kasuwa da ita. A haɗa lissafin duka sannan a yi hukunci.

38/ A taƙaice, kafin ka fitar da kuɗi:
• Nemo Nm na injinka, na da da na yanzu
• Yi gwajin giya ta sama
• Toshe yoyon mai, duba waya da filawil
• Sa na asali daidai da injin da ke cikin motar yanzu
• In shi ma ya zame, sannan ka hau mataki ɗaya, ba uku ba

39/ Kanikawan Zuru, Dabai, Ribah da Mahuta da ke nan, ku ne hannunku ke cikin baƙin mai kullum, ku ƙara mana da abin da kuke gani a gareji. Mai tambaya kuma ya ajiye sunan motarsa, injin da ke ciki, da abin da aka yi mata a ƙasa, mu duba tare. A tura wa abokin nan da ya fasa salansa jiya. Allah Ya tsare hanya.